Haƙoran Aro na Maman Aku

"Ƴata ba bebiya ba ce, ba kuma daƙiƙiya ba ce." Abin da na fara gaya wa shugabar makarantarsu ke nan ranar da ta kira ni ofis, tun ban kai ga kujera ba.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Babu wanda ya ce haka, Maman Aku. Zauna mana."

Na ɗosana a bakin kujera, jakata a cinya, takunkumi a fuskata.

Babanta ne ya sa mata Aku tun tana shekara biyu, saboda bakinta ba ya hutawa, sunan kuma ya bi ta har makaranta. Yarinyar da ke karanta mini rubutun jikin gwangwanin madara, da allunan shaguna in muna cikin mota, da takardar cikin kwalin maganin tari har wurin da aka ce a ajiye nesa da yara. Shekararta shida. Matsalar ta fara ne da famfara. Ita ce ta fara zubar da haƙoran gaba a ajinsu, biyun sama kusan tare, sai maganarta ta koma da tsamin baki. Wata rana Malama ta sa ta maimaita wata kalma a gaban aji. Ta maimaita, aka ce ta sake, ta sake, yara suka kwashe da dariya. Daga ranar Aku ta kulle bakinta a makaranta. Ko sunanta aka kira, sai dai ta ɗaga hannun hagu, na dama yana kan baki.

"Zango ya kusa ƙarewa ba mu ji muryarta ba," in ji shugabar. "Ranar rufe makaranta akwai gwajin karatu. Kowane yaro zai tsaya gaban aji, iyaye na zaune, ya karanta shafi ɗaya. Wanda bai karanta ba, ba ya wucewa aji biyu. Ba don ƴarki aka kafa dokar ba."

"Ku ba ta a rubuce ku gani."

"Karatu da baki ake yin sa."

"Ta fi rabin ajin nan iyawa, Malama ma ta sani."

"Mai yiwuwa. Ni dai abin da kunnena ya ji nake sa wa hannu. Kuma maimaita aji ba mutuwa ba ce."

A wurinta ne ba mutuwa ba ce. Ni na san ƴata. In aka bar ta a aji ɗaya, ƙawayenta suka wuce, ta zauna cikin ƙananan da ba su san baƙi ko ɗaya ba, to wannan bakin ya rufu ke nan, ko da haƙora sun cika shi.

"Za ta karanta," na ce.

"Allah ya sa. Ke ma, in ba damuwa, ba na jin ki sosai ta cikin wannan abin na fuskarki."

"Kin ji ni," na ce, na miƙe.

Takunkumin yana da nasa labarin. Bara na zame a matakalar benenmu, wani ya goge ta bai tsane ruwan ba, ina rungume da ƙanin Aku, wanda muke ce wa Ƙato. Na juya jikina don kada kansa ya bugu, sai bakina ya samu ƙarfen matakala. Ƙato ko ƙwarzane bai yi ba. Ni kuwa haƙorana biyu na gaba, na sama, suka karye tun daga saiwa, dole aka cire su. Likitan haƙori ya ce sai dasashi ya warke ya zauna kafin a yi wani abu. A shagon wanki da guga nake aiki, ni ke kan kanta ina karɓar kaya ina miƙawa, yini nake ina magana da mutane. Na sayi takunkumi kwali guda. Masu kawo wanki suka ɗauka ƙurar tufafi nake gudu, ni ma ban gyara musu ba.

Yayar mijina tana zaune a hawan da ke ƙasa da namu. Ni ina ce mata Yaya, yara na ce mata Gwaggo. Mijina aikin jan wayar lantarki yake yi a wani gari, sai ƙarshen wata muke ganinsa, don haka ita ke riƙe mini Ƙato in na tafi aiki. Tana da kirki, bakinta ne ba shi da birki. Ranar da haƙoran Aku suka faɗi ta tafa hannu ta ce, "To madalla. Uwa wawulo, ƴa wawulo, sai a haɗa ku hoto."

A gida dai Aku ba ta daina yi mini karatu ba. In mun rufe ƙofa na cire takunkumi, ita ma sai ta sauke hannu. Mu zauna a kan kafet, mu biyu iska na fita ta gaban bakinmu, ta karanta in gyara mata, ko dai in ce ta gyara mini, don ba ta barin kuskure ya wuce ko na wane ne.

Ranar da likita ya ce dasashina ya yi, babu makaranta, sai na tafi da ita. Ta zauna a kujerar kusurwa ƙafafunta na lilo, ni kuma aka kwantar da ni ƙarƙashin fitilar nan mai kashe ido.

Likitan dattijo ne mai son bayani. Ya ce gada zai yi mini. Haƙoran da ke gefen giɓin, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne ginshiƙai. Zai rage su, a sa musu hula, hulunan biyu su riƙe sababbin haƙora biyu a tsakiya, duka huɗun a haɗe. Ya yi mini allurar kashe zafi, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Injin ya yi ta kuka, ruwa na fesowa, bututu na zuƙe yawu. Da ya gama na kai harshe na taɓa. Haƙorana biyu masu lafiya sun koma ƴan tsirarai, kamar fensirin da aka feƙe aka yanke kansa. Ya cika mini baki da wani abu mai sanyi kamar kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya jira ya daskare, ya zare. Awo ke nan, za a kai wa masu ƙera haƙoran dindindin, su kuma sai sun ɗauki makonni.

"Kafin nan ba zan bar ki haka ba," ya ce. "Ga na wucin gadi."

Na roba ne, marasa nauyi. Ya goge, ya gwada, ya sa na ciji wata shuɗiyar takarda, ya sake gogewa, sannan ya shafa musu siminti mai ƙamshin kanumfari ya danna.

"Yanzu ki saurara. Wannan simintin da gangan aka yi shi marar ƙarfi, don in na gaskiyar sun zo in cire waɗannan ba tare da na wahalar da ke ba. Saboda haka ba cingam, ba alawa mai danƙo, ba gatsa da haƙoran gaba. Ki yanka komai ƙanana, ki tauna da turame. In kin sa zaren sakace, ki zare shi ta gefe, kada ki fizgo ƙasa. In kuma suka fita duk da haka, ki wanke su, ki ɗiga man goge baki kaɗan a cikin hulunan, ki mayar, ki zo mini a ranar. Kada ki bar ginshiƙan nan a buɗe. Iska za ta ci ki, kuma in sun daɗe haka suna iya motsawa, na dindindin su zo su ƙi shiga, mu koma farko."

"Na ji, Likita."

"Alawa mai danƙo," ya sake cewa yana ɗaga yatsa. "Ita ta fi dawo mini da mutane."

Ya juya wajen Aku. "Ke kuma ƴar gidana, buɗe in gani." Ta ƙara danne bakinta da hannu. Ya yi dariya ya ƙyale ta.

Ya miƙo mini madubi. Sun fi nawa na da fari kaɗan, ba su da sheƙi, amma fuskata ce ta dawo. A bakin ƙofar asibitin na cusa takunkumi a jaka. Na gaida mai gadi da baki buɗe, na gaida mai sayar da jarida da ban taɓa gaidawa ba. Aku tana can baya tana jan ƙafa. Ban lura ba sai da na zo tsallaka titi na nemi hannunta.

Yaya ta tarbe mu a matakala, Ƙato a kafaɗa. "Wace baƙuwa muka yi? Ikon Allah, haƙoran aro sun fi na gado kyau." Ta leƙa bayana. "Saura ke, sarauniyar wawulo. Ko ke ma a aro miki?"

"Yaya, ki bar mini yarinya."

"Wasa nake da ƴata."

"Ki canza wasan."

Ta taɓe baki ta miƙo mini Ƙato.

Daga ranar Aku ta daina yi mini karatu. In na buɗe littafi sai ta ce barci take ji, ko cikinta na ciwo. In na matsa, ta juya wa bango fuska ta yi ta motsa leɓe babu sauti. Na ɗauka tsoron gwaji ne. Na yi lallashi, na yi alkawarin takalmi mai fitila, na yi faɗa. Babanta ya kira a waya, ta riƙe wayar tana gyaɗa masa kai kamar yana ganinta.

Safiyar gwaji na yi mata wanka, na goge mata yunifom har karin hannun ya tsaya. Ina fama da Ƙato da ya ƙi sa wando, sai ga Aku ta kawo mini shayi da burodi a faranti. Ta shafa bota, har ta yanka ƙanana-ƙanana yadda nake yi. Raina ya yi sanyi.

"Allah ya yi miki albarka, uwata."

Na jefa ɗaya a baki, na jefa na biyu. A na uku na ji wani abu mai zaƙi ya naɗe a turmina. Na sa harshe in ture shi, sai ya gangaro gaba ya manne a bayan gadar. Ina buɗe baki na ji wani ɗan ƙas, iska ta bugi ginshiƙan kamar an ɗora mini ƙanƙara a kan jijiya.

Na tofa a tafin hannu. Haƙora huɗu, da alawa mai ruwan ƙasa a liƙe da su.

Na bi sauran burodin ina buɗewa. An huda yawancinsu da yatsa, an cusa guntun alawa, an toshe da bota. Aiki ne na natsuwa, ba na gaggawa ba.

Aku na tsaye jikin firij, hannu a baki, idonta a kan nawa bakin.

"Zo nan."

Ta zo.

"Ke kika sa?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin ji abin da Likita ya ce game da alawa?"

Ta gyaɗa kai.

"Shi ya sa kika sa?"

Ta sake gyaɗawa.

Hannuna ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba. Na matse shi tsakanin gwiwoyina. "Cire hannun nan ki yi mini magana. Me na yi miki?"

Ta sauke hannun zuwa haɓa. "Da mu biyu ne," ta ce. "Yanzu ni kaɗai ce."

Lokaci bai tsaya jirana ba. Na shiga banɗaki na wanke haƙoran da ruwan ɗumi, na kankare alawar da farce, na ɗiga man goge baki a hulunan, na mayar na danna da babban yatsa. Suka zauna, amma zaman baƙo, in na ɗaga murya sai in ji suna rawa. Ta cikin madubi na hango Aku a bakin ƙofa tana kallo, na kuma ga lokacin da hannunta ya koma baki.

Yaya ta hawo ɗaukar Ƙato, ta ga burodi a farfashe a faranti. Na gaya mata a taƙaice.

"Wannan yarinya sai an zane ta."

"Ba yau ba."

"To ki wuce asibiti, ni in kai ta makaranta. In haƙoran nan suka faɗo miki gaban mutane, ina za ki sa kanki? Har ƙanina sai an yi wa dariya."

"In sun faɗo in ɗauka."

"Ke dai ba a gaya miki magana. Ai ke kika koya mata rufe bakin nan, shekara guda kina yawo kamar mai shiga ɗakin tiyata."

"Na ji, Yaya. Ga Ƙato, ga madararsa. Muhawarar sai na dawo."

Ta zaro takunkumi daga kwalin da ke kan firij ta cusa mini a hannu. "Ko wannan dai ki sa."

Na ajiye shi a kan tebur kusa da farantin. Na buga wa asibiti waya a matakala. Mai amsa wayar ta ce in zo yanzu, likita na da sarari, kuma ba ya son a daɗe. Na ce ta gaya masa sai na fito daga makaranta.

Ajin na warin alli da maganin goge ƙasa. An jera mana ƙananan kujerun yara a baya, iyaye duk mun zauna gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa. Shugabar tana teburin da ke jikin taga da biro a hannu, Malama na tsaye da littafi tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka karanta tsaf. Wasu suka yi ta tuntuɓe Malama na ɗago su. Wata yarinya rabin abin da ta faɗa ba ya cikin shafin, amma da ƙarfi ta faɗa, aka tafa mata, shugabar ta yi rubutu.

Aka kira Aku.

Ta fita ta tsaya, littafi a hannun hagu, na dama a baki.

"Daga sama, Aku," in ji Malama a hankali. "A sannu, babu mai korar ki."

Aku ta ƙara danne bakinta. Fanka na ƙara a saman kanmu. Matar da ke kusa da ni ta sunkuyo ta raɗa wa maƙwabciyarta, "Ita ce wadda ba ta magana?"

"Tana magana," na ce, ban juya ba.

Malama ta sake lallashi. Idon Aku na kan shafin, ina ganin yana bin layi yana dawowa, ta karance shi a zuci tun tuni. Shugabar ta duba agogonta.

"Mun ba ta lokaci. Malama, na gaba."

"Ba ta gama ba," na ce.

Da na miƙe, ƴar kujerar ta biyo ni ta faɗi ƙasa da ƙara. Kowa ya waiwayo.

"Maman Aku, iyaye kallo suka zo yi."

"Na kalla ya isa."

Na bi tsakanin tebura na je gaban aji, na durƙusa har fuskata ta yi daidai da ta ƴata. Na sa babban yatsa da manuni na kama gadar na ja. Ba ta yi gardama ba. Na damƙe ta a hannu.

Iskar fankar nan ta same ni a take, har ƙwalla ta cika mini ido. Ban tsaya a kan Aku ba. Na juya wajen aji, yara da iyayensu, na buɗe baki yadda nake buɗe wa likita. Giɓi a tsakiya, ƴan tsirarai biyu a gefe.

"Kai, Maman Aku ma ta yi famfara!" in ji wata yarinya a layin gaba.

Aji ya fashe da dariya. Wata uwa ta ce subhanallahi, ta rufe nata bakin. Na bar su suka kalla har suka ƙoshi.

"Kun gani?" na ce. Maganar ta fito da fito a cikinta. "To mu yi karatu."

Na kama gefen littafin. "Ni zan fara, ke ki riƙe mini." Labarin wata kyanwa ne da ta shiga shagon mai sayar da sabulu. Na karanta layin farko, duk inda iska ta kufce mini yara su ƙyalƙyale. Na karanta na biyu. Kowane numfashi na ja sai na ji shi har cikin ido, baƙaƙen suka fara narkewa suna hawa kan juna. Na ƙifta na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya.

"Kin tsallake layi."

A hankali aka faɗa, kusa da kunnena. Na duba. Manunin hannun damanta yana kan shafin.

"Ina?"

"Nan. Kyanwar ba ta fito ba tukuna, sai da ta hau kan kantar shagon."

"To ni ba na gani sosai. Karanta mini."

Ta karanta layin. Ta tsaya kamar tana jiran in karɓa, ban karɓa ba, sai ta wuce na gaba. Tsamin bakin na nan, bai je ko'ina ba. Aka ɗan yi ƙus-ƙus da dariya a baya, amma sun riga sun ƙarar da mafi yawanta a kaina, kuma suna son su ji yadda kyanwa ta ƙare da mai sabulu. Ta kai ƙarshen shafi.

Wasu iyaye suka fara tafi. Shugabar ta ɗaga biro, suka tsaya.

"An taimaka mata. Wannan ba gwaji ba ne."

"Gaskiya ne," na ce, na miƙe ina karkaɗe gwiwa. "Ki zaɓi wani shafin da hannunki. Ni zan koma bakin ƙofa."

Shugabar ta daɗe tana kallona, idonta na ƙoƙarin kauce wa bakina. Sannan ta karɓi littafin, ta buɗe can wajen ƙarshe, inda na san aji bai kai ba, ta miƙa wa Aku.

Na tsaya jikin ƙofa. Leɓena na son ya sauko ya rufe ginshiƙan saboda zafi, na hana shi. Aku ta dubi shafin, ta dubi iyayen da suka zuba mata ido, hannun damanta ya taso har ƙirji. Ta waiwayo ni. Na ƙara yaƙe mata bakin. Hannun ya tsaya kaɗan a sama, sannan ya koma ya riƙe ɗaya gefen littafin.

Ta karanta. Wata doguwar kalma ta tare ta a tsakiya, ta rarraba ta gaɓa-gaɓa ta wuce. Da ta kai ƙasa ta ɗaga kai ta tambayi Malama, "In juya?"

"Ya isa haka," in ji Malama tana danne dariya.

"Za mu duba," in ji shugabar.

"Ki duba yanzu, ina tsaye."

"Ranki ya daɗe," in ji Malama, "ba ta yi kuskure ko ɗaya ba."

Shugabar ta sunkuya ta yi rubutu. "Ta wuce. Ke kuma, Maman Aku, don Allah ki mayar da abinki."

"Sai mun fita."

A bakin get na buɗe hannuna. Gadar ta tsage biyu, daidai tsakiya. Ashe duk lokacin da Aku ke karatu matse ta nake yi, har shatin haƙora huɗu ya fito a tafina.

A cikin tasi na rufe baki ruf ina numfashi ta hanci, wannan karon don zafi. Aku ce ta yi wa direba kwatance, ta kuma karanta masa allunan hanya ba tare da ya tambaya ba.

Likita ya juya gutsattsarin biyu a kan tire. "Alawa?"

"Alawa ta fara, hannuna ya ƙarasa."

"Ni na sa mata a burodi," in ji Aku daga kujerar kusurwa. Ta kwashe labarin kaf ta ba shi, tun daga yadda ta huda burodin har kujerar da ta faɗi, har matar da ta ce subhanallahi. Ya saurara hannunsa a haɓa. Da ta gama ya kwantar da ni ya duba ginshiƙan, ya ɗauko kwafin awon bakina da ya ajiye ya gwada.

"Ba su motsa ba, kin yi sa'a. Amma sai na haɗa sababbi, za ki sake zama. Na ce kada ki bar su a buɗe, ke kuma kika kai su ƙarƙashin fanka. Kada ki sake."

"In ta kama zan sake, Likita."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya fara kwaɓa robarsa.

Yana cikin jiran ta daskare, Aku ta sauko daga kujera ta matso kusa da shi. "Nawa yaushe?" ta ce, ta hangame baki tun kafin ya nema. Ya karkato fitilar, ya miƙa mata madubi, ya nuna wani ɗan fari a dasashinta, mai kai kamar bakin zarto.

"Ga ɗaya nan ya leƙo. Ɗan'uwansa na hanya."

Ta yi ta kallonsa har aka gama da ni.

Yaya na zaune a matakala tana jiran mu, Ƙato na barci a cinyarta. Ta fara duba bakina, ta ga haƙora a wurinsu, sannan ta tambaye ni, "Ya aka yi?"

"Aji biyu, Gwaggo," in ji Aku. "Kuma nawa ya fara fitowa, ba na aro ba ne. Kin gani?"

Yaya ta leƙa. "Wannan ɗan tsigin? Sai an sa tabarau." Amma ta jawo ta jikinta.

Da muka shiga gida na sa Aku ta fito da sauran alawar. A cikin safar makaranta ta ɓoye su. Na zuba su a gwangwani na ɗora a saman kabad, na ce ba za ta ɗanɗani ko ɗaya ba sai haƙorana na gaskiya sun zo, kuma farantin burodin nan ita za ta wanke. Ta ce ai ta wuce gwaji. Na ce wannan daban, wancan daban. Ta ce ai Likita ni ya hana wa alawa, ba ita ba. Ta ce masu ƙera haƙoran suna iya yin jinkiri, wannan kuma ba laifinta ba ne. Ta biyo ni kicin tana kawo hujja, ta biyo ni wajen shanya, ta biyo ni har inda nake canza wa Ƙato wando.

Ban sauko da gwangwanin ba, ban kuma ce ta yi shiru ba.